Matar da Ta Kira Sunana a Masar

Ni ɗan fari ne, uwata kuwa Bafillatana ce ta Rogo Ruma. Wanda ya san mutanenmu ya riga ya ji rabin labarin nan. Tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba, kunyar ɗan fari ta hana. Ana yaye ni aka kai ni Karaye wurin Goggo, yayar mahaifina, can na tashi, can na yi 'yar makarantar da na yi. Shi ya sa duk lokacin da Inna za ta ambace ni sai ta ce "mutumin Karaye". Ina zaune a tsakar gidanta, tabarma ɗaya ce tsakaninmu, amma sai ta juya wajen ƙanwata Hansatu ta ce, "Tambayi mutumin Karaye ko hanya ta yi kyau." In amsa wa Hansatu, ita kuma ta maimaita wa Inna abin da ta riga ta ji da kunnenta. Daga nan a kawo mini tuwon dawa da miyar taushe. Kullum taushe, ko da ba lokacin kabewa ba ne. Ban taɓa jin an rage ni da komai ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari a danginmu.

Sana'ata talla. Ran kasuwar Karaye ni ne a bayan motar mai maganin feshi, lasifika a hannu, ina yi wa ƙwarin wake barazana kamar da ni suka yi faɗa. Ran kasuwar Rogo kuma in koma wa mai gishirin shanu. Goggo takan ce wasu gonarsu a daji take, ni tawa a baki take. Bakin nan ne wani ɗan kamasho a Kano ya yaba, ya ce irina ake nema a shagunan Dubai, masu jawo 'yan kasuwar Arewa. Ya ce za mu ɗan yada zango a Masar kafin biza ta fito. Ba zan ɓata lokaci a kan yadda aka yi sallama ba. Abin da na riƙe kawai shi ne Inna ta ce wa Hansatu, "Ce masa ya riƙe salla."

Zangon farko wani ɗaki ne a saman bene, a wata unguwa ta Alƙahira da baƙaƙen fata suka fi yawa. Mun tarar da waɗanda suka riga mu, su ma biza suke jira. Wani daga cikinsu ya tambaye ni yaushe aka ce tawa za ta fito, na ce nan da mako biyu. Duk ɗakin aka kwashe da dariya, irin dariyar da ba daɗi a cikinta. Ɗan kamashon nan da ya rako mu ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai kai a buga, ya sa tabarau ɗinsa ya sauka daga benen. Lambarsa ta yi ta shiga na ɗan lokaci, yana cewa in sha Allahu gobe, daga baya ta daina shiga baki ɗaya. Baƙo ko da ido makaho ne. Ni da nake sayar wa mutane magana a kasuwa, sai ga shi an sayar mini da ita na biya ina godiya.

Zango na biyu wurin yankan dutse ne a bayan gari, inda ake fere manyan duwatsu a mai da su faranti na shimfiɗa a gidajen masu hali. Da yamma kowa ya fito fari fat, Basudane da Bahaushe ba ka bambance su sai sun buɗe baki. Mai wurin ya san ba mu da takarda, abin da ya ga dama shi yake bayarwa, ran da ka yi ƙorafi ya nuna maka ƙofa ya ambaci 'yan sanda. Na yi tari har na ji kamar haƙarƙarina zai rabu. Hannuna da bai san abin da ya fi lasifika nauyi ba ya yi kanta. Na yi kuka a wurin nan, ba sau ɗaya ba, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Abin da ya riƙe ni shi ne ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci sai in kira Hansatu. Ita kuma ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tabarma. Inna ba ta taɓa karɓar wayar ba, ba kuma za ta karɓa ba, amma ina jinta a gefe tana kaɗa nono ko tana korar kaji. Can sai in ji ta ce, "Ce wa mutumin Karaye ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce garin da sanyi." Ko kuwa, "Tambaye shi suna da gero a can?" Hansatu ta fara maimaitawa, in ce mata na ji. Ba wata doguwar magana ba ce, amma da ita nake cin mako guda. Ban taɓa faɗa musu ina yankan dutse ba. Na ce ina aiki a kamfani, kuma ai ba ƙarya na yi ba, kamfani ne.

Kusa da masallacin akwai wani tsoho mai sayar da dafaffen wake a keke, ana ce masa Ammu Rajab. Waken nan shi ne tuwon talakan Masar, safe da rana. Ran da na fara yi masa Larabci sai da ya dafa keken don dariya. Larabcina na littafi ne, wanda na koya a gaban malam, ya ce ina neman wake kamar mai huɗuba. Tun daga ranar idan na zo sai ya ƙara mini gurasa, ya kawar da kai kamar bai san ya yi ba. Na rasa da me zan saka masa, sai wata Juma'a, ganin mutane suna wuce shi suna zuwa wurin wani sabon mai wake, tsohuwar sana'a ta motsa. Na tsaya a gefen keken na ɗaga murya kamar ina tsakiyar kasuwar Karaye: "Wake na Rajab, ango na safe! Mai ci ya ƙoshi, mai kallo ya yi asara! A zo a gani, gani ya kori ji!" Ba wanda ya san abin da nake faɗa, amma aka tsaya, aka yi dariya, aka saya. Tsoho ya kwashe tukunyarsa kafin la'asar.

Cikin masu dariyar akwai wani saurayi mai jaka a kafaɗa. Ya tambaye ni wane yare ne wannan, na ce Hausa. Ya ce, "Hausa! Wallahi ku muke nema." Ashe a wani kamfanin shirya talla yake aiki, suna juya tallace-tallace zuwa harsunan Afirka. Haka na bar dutse na koma zango na uku, wani ɗan ɗaki mai sanyi da aka lulluɓe bangonsa da soso, aka sa mini abin ji a kunne, aka ce in yi magana.

A nan na san cewa tallar da na iya da wadda suke yi ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Mu a gida mai talla kayansa yake kira. Mai goro ya ce goro, mai nono ta ce nono, in ya yi ƙarya to a kan kayan ya yi ta, ka saya ka gani, ran wata kasuwar ka tare shi. Su kuwa sai a kusa gama tallar ba ka ga abin da ake sayarwa ba. Za a nuna maka yaro yana gudu, uba yana murmushi, ruwa yana sauka a kan shuka, sai zuciyarka ta yi laushi sannan a leƙo da sabulun. Na yi wa sabulu murya, na yi wa wayar hannu, na yi wa madarar da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Shugaban aikin, Ustaz Hani, mutum ne mai fara'a, ba ya cin zarafin kowa. Shi ya fara biyana haƙƙina ba tare da na bi shi ina roƙo ba.

Wata rana ya ce akwai babban aiki, wannan karon da fuskata. Wani kamfanin aika kuɗi ta waya ne yake son talla da Hausa. Labarin gajere ne: ɗa yana ƙasar waje yana aiko wa uwarsa, ran nan ya dawo ba zato, uwar ta fito da gudu tana kiran sunansa, ta rungume shi, ta zaunar da shi ta ba shi abinci a baki. Na ce masa, "Ustaz, mu ba a haka a wurinmu. Uwa ba ta rungumar ƙaton ɗa. In ɗan fari ne ma ko sunansa ba ta faɗa." Ya saurare ni sosai, har ya sa na maimaita masa zancen sunan, yana mamaki. Sannan ya ce, "Sama'ila, ni ba abin da kuke yi nake sayarwa ba. Abin da kuke so a yi muku nake sayarwa." Na dai tambaye shi a ina za a nuna, ya ce ai don mazauna waje aka yi, su ne masu aikawa, ba za ta je Nijeriya ba. Ko shi ma haka aka faɗa masa, ko kuwa ya faɗa ne don in yarda, Allah masani.

Wadda aka samo ta fito a uwata wata dattijuwa ce, Hajiya Batula, mai sayar da shayi a bakin titi. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta daga ƙasar Kano suka tashi a ƙasa za su hajji, suka zauna a hanya, ita ko sau ɗaya ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Yaƙi ne ya koro ta Masar. Hausarta irin ta tsofaffi ce, in tana magana sai in ji kamar kakata ce ta dawo duniya ta koyi Larabci. Muna jiran a gyara fitilu ta tambaye ni garinmu, ta tambayi ko har yanzu ana yin fura da gero. Sannan ta faɗa mini tana da ɗa sa'ana, Usmanu, sun rabu a ranar gudu, har yau ba ta san ko yana raye ba.

Ɗakin da suka shirya a matsayin gidan Bahaushe kuwa, da Goggo ta gani da ta yi salati. An rataye ƙore a bango kamar hotuna, ga ganga a kusurwa, ga wani gunkin katako da ban san daga wace ƙasa aka kwaso shi ba. Na sa aka fitar da gunkin, sauran na ƙyale. Zancen runguma kuma ita Hajiya da kanta ta ce ba za ta yi ba, aka daidaita a kan ta kama kaina da hannu biyu.

Sunan da aka rubuta wa ɗan Ahmad ne. Aka yi ta ɗauka, tana kiran Ahmad, ni kuma ina juyowa kamar wanda aka kira a layin asibiti. Ustaz Hani ya gaji ya ce, "Hajiya, kira shi da sunansa na gaskiya." Ban kawo komai a raina ba. Na juya baya, na ɗauki jakar da aka ba ni, aka ce a fara. Sai na ji daga bayana, da muryar tsohuwa mai rawa, an ja sunan har ƙarshe:

"Sama'ila!"

Ban san lokacin da jakar ta faɗi ba. An sha kiran sunana a duniya, malamai sun kira, abokai sun kira, Goggo ta kira da faɗa ta kira da lallashi. Amma ban taɓa jin an kira shi haka ba, ban ma san ina jiran a kira shi haka ba. Na san ita Usmanunta take kira, sunana ta ara kawai. Na juyo idona ya cika, na ce, "Na'am, Inna." Wannan ba ya cikin abin da aka rubuta. Ta kama kaina tana kuka, ni ma ina yi. Can Ustaz Hani ya tafa hannu ya ce shi ke nan, ba sai an sake ba.

Saura wurin cin abinci. Abin da suka kawo miyar lalo ce, wadda mutanen Masar suke ji da ita kamar me. Ni kuwa tun ina yaro ba na shan miyar yauƙi, ko kuɓewa ko lalo ko karkashi, in ta shiga bakina sai zuciyata ta tashi. Haka Hajiya ta yi ta ɗebowa tana ba ni, ina haɗiyewa ina murmushi, ana cewa a sake. Da aka gama na fita bayan gini na amayar da ita duka.

Tallar ta riga ni zuwa gida, don ita ba ta bukatar fasfo. Ba a jima ba abokaina na Karaye suka fara turo mini ita, kowa da tasa tsiyar. Wani ya ce ashe Dubai ɗin uwa aka je saye. Suka laƙaba mini "Na'am Inna". Wannan duk na iya haɗiyewa, tsiyar abokai ba ta kisa. Wanda ya karya ni saƙon murya ne daga Kawu Sale, ƙanin Inna. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Sama'ila, abin da ka je yi ke nan? Uwarka tana raye, ka tsaya gaban duniya wata tana shafa kanka kana ce mata Inna? Yara suna bi gida gida suna nunawa. Matan ruga suna zuwa yi mata jaje kamar an yi mutuwa. Ita da ta riƙe kunyarka shekara da shekaru, kai ka kasa riƙe tata. To, madalla."

Juma'ar da ta biyo baya na kira Hansatu. Muka gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi shanu da mutanen gida. Na kasa kunne. Ba motsin ƙwarya, ba korar kaji, ba "ce wa mutumin Karaye".

Na ce, "Ina Inna?"

Ta ce, "Tana ɗaki, Hamma." Haka ƙannena suke kirana.

"Ta ga abin?"

"Ta gani."

"Me ta ce?"

Hansatu ta ce, "Ba ta ce a faɗa maka komai ba."

Haka aka yi Juma'a ta gaba, da wadda ta bi ta. Kullum tana ɗaki. An ce shiru ma magana ce, ni kuwa na fassara shirun nan da abin da Kawu ya faɗa. Tun daga lokacin ba abin da nake tsoro a duniya irin Inna ta bar duniyar tana fushi da ni. To, ta yaya za ka nemi gafarar uwar da ko a lokacin daɗi ba ta yi maka magana kai tsaye? Na ce wa Hansatu ta roƙa mini ita ta yafe mini. Amsar da ta dawo ita ce, "Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wannan kuwa magana ce da ake faɗa wa kowa, har wanda ya taka maka ƙafa a kasuwa. Na juya ta ta kowace fuska ban sami abin kamawa ba.

A wannan tsakanin wasu ɗalibai 'yan Arewa suka yi mini tsaye har na sami takardar komawa gida a madadin fasfo ɗin da aka gudu da shi. Hanya ta buɗe. Amma kuma tallar ta karɓu, Ustaz Hani ya ce kamfanin yana son a yi ta biyu da ta uku, murya kawai. Na ce wa kaina bari in tsaya in yi, ƙura ta lafa, yara su sami wani abin kallon, in koma da abin hannu yadda ko Kawu zai sassauto. Gaskiyar magana nauyin haɗa ido da mutanen Rogo Ruma nake ji, har da wadda ba ta taɓa haɗa ido da ni ba.

Na je wurin Hajiya Batula na sha shayi, na kwashe duka na faɗa mata. Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Ta ce, "Ɗana, ni na jawo maka?" Na ce a'a, ita me ta yi. Ta ce, "To ji nan. Kai ka san inda taka take, ka san ƙofar ɗakinta. Ni da na san inda nawa yake, da ƙafa zan tafi, ko zagina zai yi in na isa. Tashi ka tafi gida." Ta ƙi karɓar kuɗin shayin. Na ce mata to, in sha Allahu, da an gama aikin nan. Na ji bakina ya faɗi irin abin da ɗan kamashon nan ya riƙa faɗa mana, amma ban fasa ba.

Ba a gama aikin ba. Wata safiya, ba Juma'a ba, ina shirin fita, wayar Hansatu ta shigo. Ita ba ta taɓa kirana ba, ni nake kira. Na ɗauka, na ji hayaniyar mata a bayanta. Ta ce, "Hamma, sai haƙuri."

Na iso Rogo Ruma bayan an yi sadakar bakwai. Daga Kano zuwa Karaye, daga Karaye zuwa Rogo, ban ga komai a hanya ba, ban san ko dawa ta yi kyau a shekarar ba. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida, mutane suna zuwa. Ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, Allah ya jiƙanta, amin. Ba wanda ya ambaci talla. Kawu Sale ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya tsufa a 'yan watannin nan, bai ce komai ba sai addu'a. Aka raka ni maƙabarta na tsaya a kan ƙasar da ba ta gama bushewa ba. Na nemi gafara a inda ba a amsawa.

Da la'asar, da mutane suka ragu, Hansatu ta kira ni cikin gida. Muka zauna a inda muka saba zama, wurin Inna ba kowa. Na ce mata, "Hansatu, don Allah kada ki rufe ni. Da fushina ta tafi?"

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Fushi? Hamma, wane fushi?"

Sai ta faɗa mini. Ciwon ƙirji ne ya kama Inna tun kafin tallar ta iso, numfashi ya riƙa yi mata wuya, murya ta dushe har ta koma raɗa. Ita ta hana a gaya mini. Ta ce idan na ji muryarta zan gane, in taso ba shiri, ga shi an ce ba ni da takarda, a kama ni a hanya. Ta sa Hansatu ta yi mata alkawari.

Na ce, "Shi ya sa take shigewa ɗaki in na kira?"

Hansatu ta girgiza kai. "Ba ta taɓa shiga ɗaki ba. Nan take zama, ga wayar ga gwiwarta. In tari ya taso mata sai ta toshe baki da zani. Ran da ka ce a roƙa maka gafara, da ka kashe sai ta ce, 'Me ya yi?'"

Hansatu ta ɗauko wayarta, wadda gilashinta ya tsage, ta riƙe a hannu ba ta kunna ba.

Ta ce, "Ran da yara suka kawo abin nan, matan gidan Kawu suna ta salati, ita ba ta ce uffan ba. Da suka watse ta ce in sa a tura mini a tawa. Tun daga ranar, kullum in ta idar da sallar walha sai ta ce, 'Kunna mini matar nan.' Farkon gani ma faɗa ta yi. Ta ce, 'Wannan mata ba ta san shi ba. Lalo take ba shi. Ba ya shan miyar yauƙi, dubi yadda yake haɗiya.'"

Dariya ta kuɓuce mini tare da hawaye. Na ce a ina ta sani, ni da ban tashi a gabanta ba, ban kuma taɓa faɗa a gidan nan ba? Hansatu ta ce, "Kai kana tsammanin taushen nan daga sama yake faɗowa? Kabewa take yankawa ta shanya ta ɓoye a tukunya, ba mai taɓawa, ko mu. Ta ce ta mutumin Karaye ce."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ci gaba. "Amma ba wurin abincin take so ba. Wurin da matar take fitowa ta kira ka. Da an wuce shi sai ta ce in mayar baya. In mayar, ta ce in sake. Wata rana ta ce, 'Matar nan ba ta da kunya, amma ta iya kira.' Ni kuma ina satar kallonta. Hamma, in matar ta buɗe baki, ita ma bakinta yana motsi tare da nata. Sauti bai taɓa fita ba, ko sau ɗaya. Amma na ga leɓenta, sunanka take yi."

Ban koma Masar ba. Na aika wa Hajiya Batula saƙo ta hannun wani ɗalibi, na ce a gaya mata ta yi wa wata baiwar Allah aikin da ita ba ta iya yi wa kanta ba, Allah ya haɗa ta da Usmanu. Har yau ban ji ko ya haɗa su ba. Na koma bayan motar mai maganin feshi, ina yi wa ƙwarin wake barazana kamar da, sai dai an ce muryata ba ta kai ta da ba. Nakan tuna maganar Ustaz Hani, in ji haushinsa, in kuma rasa inda ya yi ƙarya. Da na sani ƙeya ce. Takarda tana aljihuna, hanya a buɗe, uwata tana zaune ga waya ga gwiwarta, ni kuma ina can ina jiran ƙura ta lafa.

Tallar ba ta mutu ba, har yanzu takan faɗo a wayoyin mutane. Abokai sun daina tsokanata da ita tun ran da suka zo gaisuwa. Wani lokaci ina tsakiyar kasuwar Karaye, a wurin masu shayi ko a rumfar masu cajin waya, sai in ji ta tashi daga wayar wani yaro da bai ma san ni ba ne. In ji tsohuwar ta ja sunan har ƙarshe. Nakan sauke lasifikar daga bakina, kada kasuwa ta ji, in amsa a hankali.

Na'am, Inna.